Babur ya cinye mini tafiya: me zama yake yi wa ƙwaƙwalwa?

Tambaya: Salamu alaikum, likita. Ni ɗan kasuwa ne a babbar kasuwar Garwa, ina sayar da atamfa da shadda, shekarata 56. Tun safe ina zaune a shago har la'asar sakaliya, zuwa da komowa duk a kan babur. Kwanan nan mantuwa ta fara damuna: in ajiye makulli in yi ta nema, sunan abokin ciniki ya ɓace mini yana tsaye a gabana. Yayana yana ƙauye wajen Pitoa, ya kusa 70, har yanzu yana noma, kansa garau. 'Yata da ke karatu a Ngaundere ta ce ta karanta wai motsa jiki yana ƙara girman ƙwaƙwalwa. Gaskiya ne? Tafiya masallaci da zagayen kasuwa suna cikin lissafi, ko sai na sa gajeren wando na tafi gudu? Kuma a shekaruna ban makara ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ba da kasuwa, ya yi wa yarinya albarka. Ba ta yi maka ƙarya ba, sai dai maganar tana so a rage mata gishiri. Ƙwaƙwalwar kowane baligi raguwa take yi da shekaru, taka da tawa da ta yayanka. Abin da bincike ya nuna shi ne ta mai yawan motsi a hankali take raguwa, ta mai yawan zama kuwa ta fi saurin zubewa. Tafiya masallaci tana cikin lissafi, zagayen kasuwa ma haka. Gajeren wando ka bar wa samarin da ke gudu wajen filin Roumdé Adjia da asuba. Kuma ba ka makara ba. Hasali ma irinka, wanda ya daɗe a zaune, shi ya fi kowa cin riba idan ya tashi. Bari in warware maka maganar, don na san ɗan kasuwa ba ya cinikin biri a sama.

Ka sha tsayawa kan mahauci ranar Layya yana fasa kan rago. In Allah ya kai mu ta baɗi, ka karɓi ƙwaƙwalwar kafin ta shiga tukunya, ka sa wuƙa ka raba ta biyu. Za ka ga bayanta duk lanƙwasa ne, tudu da kwari, launinsa toka-toka, cikinta kuma fari kamar kitse. Tamu ma haka take, illa ta fi girma nesa ba kusa ba, ta kuma fi yawan lanƙwasa. Wancan ɓawo mai launin toka, wanda kaurinsa a mutum bai wuce milimita 2 zuwa 4 ba, nan ƙwayoyin jijiya suke zaune, nan ake lissafi da magana da gane fuska. Farin na ciki wayoyi ne da ke haɗa wannan unguwa da waccan. Farin da ka gani kitse ne na gaske, shi ya naɗe kowace waya kamar yadda roba ke naɗe wayar lantarki.

Nauyinta duka bai kai kilo ɗaya da rabi ba, kimanin kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki, amma tana cinye wajen kashi 20 na abincin da iskar da jiki ke ƙonawa in mutum yana hutawa. Ga ci, ga rashin rumbu. Ba ta ajiye na gobe, abin da jini ya kawo mata yanzu shi take ci yanzu. Ka riƙe wannan, don kusan duk sauran maganar a kansa ta rataya.

Daga wajen shekara 35 girmanta yake fara ja baya, kimanin kashi 0.2 cikin 100 kowace shekara, bayan 60 kuma ya kai kashi 0.5 ko fiye. A lissafinku na kasuwa, kowace jaka ɗaya tana zubar da sefa 2 a shekara, in an tsallake 60 ta koma zubar da dala guda. A shekara ɗaya ba a gani. A shekara 30 ana gani da ido. Ina ɗalibi malaminmu ya jera mana hotunan kai guda biyu, na saurayi ɗan 30 da na dattijo ɗan 75. Ta saurayin ta cika ƙoƙon kai dam, kwarurrukan kamar an ja su da allura. Ta dattijon kwarurrukan sun buɗe baki, ramukan ruwa da ke tsakiya sun faɗaɗa, kamar ɗanyen goro da wanda ya kwana uku a aljihu. Muka fara tausaya wa tsohon, sai malam ya ce mana ciwon kai kawai ya kawo shi, hankalinsa cikakke, shi ke riƙe da lissafin gidansa. Tun ranar na daina ɗaukar girman ƙwaƙwalwa a matsayin ma'aunin basira. Alama ce ta yadda take tsufa, alama mai amfani idan an auna dubban mutane, amma ba ta yanke wa mutum ɗaya hukunci.

Akwai wani ɗan yanki da sunansa zai yi ta dawowa, hifokamfas. Guda biyu ne, dama da hagu, can ciki daura da kunne, kowanne kamar ɗan yatsa a lanƙwashe. Shi ne yaron shagon da ke rubuta sabon ciniki a littafi. Tsofaffin shafuka suna ajiye a wani wuri, shi ya sa tsohon da ya ruɗe zai ba ka labarin aurensa na fari dalla-dalla, amma bai san ya ci tuwon rana ba. Wannan yanki yana cikin masu saurin raguwa, kashi 1 zuwa 2 cikin 100 a shekara a wajen tsofaffi, kuma yana cikin wuraren da cutar Alzheimer, mai kawo ruɗewar tsufa, ke fara ci.

To, ina ruwan ƙafa da wannan? Da can masu bincike tambayar mutane suke yi, kana motsa jiki? Ni ma ina yin tambayar kullum a ɗakin duba marasa lafiya, kuma ban taɓa samun wanda ya ce mini shi malalaci ne ba. Kowa "ai ina tafiya sosai, likita", ko da daga tabarma zuwa buta ne. Da aka samu 'yar na'urar da ake ɗaura wa mutum tana ƙirga motsinsa dare da rana, sai magana ta fara yin nauyi. A birnin Bonn na Jamus an ɗaura wa mutum 2,550 irin wannan na'ura a cinya har kwana 7, 'yan shekara 30 zuwa 94, aka kuma ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu da IRM, wadda 'yan Najeriya ke kira MRI. Sakamakon ya fito a 2022. Masu yawan motsi ƙwaƙwalwarsu ta fi cika, ɓawon ya fi kauri, musamman a wuraren da ke sarrafa motsi da wuraren da suka fi cin iska. Abin da ya shafe ka kai tsaye shi ne inda tazarar ta fi faɗi: tsakanin wanda ba ya motsi sam da wanda yake ɗan taɓawa. Daga mai ɗan taɓawa zuwa ɗan wasa, ƙarin kaɗan ne. An fi ganin haka a waɗanda suka haura 70. Kamar mai jin yunwa ne, lomar farko ta fi ta ashirin aiki a jikinsa.

A garin Framingham na Amurka, inda ake bin lafiyar zuriya bayan zuriya tun 1948, an yi irin wannan awo a kan mutum 2,354, tsaka-tsakin shekarunsu 53, sa'anninka ke nan. Rahoton 2019 ya nuna kowace awa ɗaya ta ƙarin motsi mara nauyi a yini, irin kai-kawon gida da tafiyar da ba ta sa haki, tana tafiya da ƙwaƙwalwar da ta yi kama da ta wanda ya gaza mutum da shekara ɗaya da 'yan kai. Masu taku 10,000 a yini sun fi masu ƙasa da 5,000 da kimanin kashi 0.35 cikin 100. Ka ga ba wani tsauni ba ne, sefa 3 da rabi ne a jaka. Amma tunda abin da ke zubewa a shekara sefa 2 ne, ka ga an fanso kusan shekara biyu. A wannan gari dai an taɓa gwada ƙarfin numfashin mutane suna wajen shekara 40, aka dawo bayan shekara 20 aka ɗauki hoton kansu, sai aka tarar waɗanda suka fi saurin gajiya a wancan lokaci su ne masu ƙaramar ƙwaƙwalwa yanzu. Wannan saƙo na 'yarka ne da yaran shagonka, don a shekarun ƙarfi ake shuka abin.

Yanzu ga inda zan ja maka birki, don masu yaɗa irin wannan labari a WhatsApp nan suke tsallakewa. Ganin abu biyu tare ba ya nuna wane ne ya haifi wane. Mai yiwuwa tafiya ce ta kare ƙwaƙwalwar, mai yiwuwa kuma wanda ƙwaƙwalwarsa ta fara lalacewa ne ya daina fita. An bi ma'aikatan gwamnati sama da 10,000 a Landan fiye da shekara 25, aka ga waɗanda daga baya suka kamu da ruɗewar tsufa motsinsu ya fara raguwa tun kimanin shekara 9 kafin a gane cutar. A wannan binciken, da ya fito a 2017, ba a ga motsa jiki ya kare kowa ba. Ni abin da na ɗauka daga ciki na aiki ne: dattijon da ya saba zuwa kasuwa da jana'iza da ɗaurin aure, in ya janye jiki haka kawai ba ciwon ƙafa ba komai, iyalinsa su sa ido, kada a ce tsufa ne kawai.

Hanyar raba gardama ita ce gwaji. A 2011 Kirk Erickson da abokan aikinsa a Amurka suka fitar da sakamakon wani da ya yi suna. Sun ɗauki mutum 120 'yan shekara 55 zuwa 80 waɗanda ba sa motsa jiki, aka raba su biyu da ƙuri'a. Rabi aka sa su tafiya da ƙafa sau 3 a mako, rabi kuma miƙe gaɓoɓi kawai. Masu tafiyar da minti 10 suka fara, ana ƙara minti 5 kowane mako, har suka kai minti 40 a mako na 7, suka tsaya a nan. Bayan shekara guda hifokamfas ɗin masu tafiya ya ƙaru da kimanin kashi 2 cikin 100, na ɗaya rukunin ya ragu da kimanin kashi 1.4. Daga nan maganar 'yarka ta samo asali, kuma ka lura tafiya ce, ba gudu ba. Sai dai gwaje-gwajen da suka biyo baya ba duka suka ga haka ba. Da aka tattara guda 14 a 2018, mutum 737, ba a ga girman duka ya ƙaru ba, an dai ga ɓangaren hagu ya riƙe girmansa a wajen masu motsa jiki alhali na sauran yana raguwa. Shi ya sa na ce a rage gishiri. Toshe yoyon randa ya fi kusa da gaskiya a kan ƙara mata ruwa.

Ta yaya ƙafa ke isa kai? Masana suna son maganar wani sinadari da ake kira BDNF, wanda ke ƙaruwa idan an motsa jiki, yana taimaka wa ƙwayoyin jijiya su rayu su yi sabbin rassa. A 1999 an nuna ɓerayen da aka sa wa keken gudu a keji sun ninka sabbin ƙwayoyin da suke haifarwa a hifokamfas. Labari ne mai daɗi, amma ɓera ba Alhaji ba ne. Hanyar da ni na fi ba muhimmanci, saboda ita nake gani kowane mako a nan Garwa, ita ce ta jijiyoyin jini. Waɗancan fararen wayoyi na can ciki ƙananan jijiyoyi ne siraran gaske suke ciyar da su. Hawan jini da ciwon suga suna kaurara bangonsu, ƙofar ta tsuke, abinci ya ragu. A hoton IRM sai ka ga fararen tabo-tabo kamar an yayyafa gari a baƙin tire. Mutum bai faɗi ba, ɓarin jikinsa bai shanye ba, amma tunaninsa ya yi nauyi, tafiyarsa ta zama gajerun taku, lissafin da yake yi da ka yanzu sai da kalkuleta. Tafiya a kai a kai tana sauke tansiyo, wato awon jini, na mai hawan jini da kimanin rabin maki, misali daga 15 zuwa 14 da rabi (150 zuwa 145 a awon 'yan Najeriya), naman cinya da na ƙwauri kuma suna zuƙe suga daga jini, musamman in an taka bayan cin abinci. Barci ma yana gyaruwa. Wanda ya gyara wa ƙwaƙwalwa hanyar abincinta ya yi mata rabin aiki.

Mu zo kan yayanka, Allah ya ƙara masa lafiya. Mutum ɗaya ba ya zama hujja, amma abin da ka lura da shi yana da 'yan uwa a littafi. A dajin Bolibiya akwai wata ƙabila, Tsimane, masu noma da farauta da kamun kifi, yini suke a tsaye. An ɗauki hoton kan mutum 746 daga cikinsu, 'yan shekara 40 zuwa 94, aka ga raguwar ƙwaƙwalwarsu da shekaru ta gaza ta mutanen Turai da Amurka da kimanin kashi 70 cikin 100, duk da yawan cututtukan da suke fama da su. Kusa da gida kuma, tun 1992 aka fara kwatanta tsofaffin Yarbawa na Ibadan da baƙaƙen Amurka na Indianapolis, rahoton 2001 ya nuna masu kamuwa da ruɗewar tsufa a Ibadan ba su kai rabin na can ba. Ba tafiya kaɗai ta bambanta su ba, akwai abinci da ƙiba da hawan jini da suga. Amma duk kaya ɗaya ne, wanda ya koma birni ya zauna, tare yake sayensu.

Kada kuma a ɗauka wahala ita ce lafiya. Ɗan dako da ke sauke buhun siminti daga safe zuwa yamma, da mai tura amalanke, da masu haƙar yashi a Binuwai, ba wanda zai ce ba sa motsi. Amma a Kofanhegan ta Denmak an bi maza sama da 4,000 shekaru masu yawa, rahoton 2020 ya nuna masu aikin ƙarfi sun fi masu aikin zama kamuwa da ruɗewar tsufa da wajen rabi. Talauci da ƙarancin karatu suna da hannu a ciki, haka ma yanayin aikin: awa 10 ba hutu, ɗaga nauyin da ke harba jini sama, gobe a sake tun jiki bai warware ba. A nan sai ka ƙara rana da ƙishirwa da tiramol ɗin da wasu samari ke sha don su jure. Motsin da ke amfanar ƙwaƙwalwa shi ne wanda zuciya ke ɗan sauri na wani lokaci sannan ta huta. Noman yayanka, mai fita da sanyin safiya ya dawo kafin rana ta take, ga tafiya gona da kasuwar Lahadi, ga hira da jama'a, ya fi kama da wannan.

Kai ba noma za ka koma ba. Abin da babur ya karɓe za ka karɓo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, wato minti 30 sau 5 ya kai ka bakin ƙofa, kuma tun 2020 ta ce gutsattsari ma ana haɗa su, minti 3 nan, minti 7 can. Matsakaici shi ne saurin da za ka iya amsa gaisuwa amma ba za ka iya jan doguwar ƙira'a ba. In ka fi son ƙirga taku, wayarka tana yi, muddin tana aljihu ba kan kanta ba. Taku 1,000 kimanin minti 10 ne. Kada lambar 10,000 ta tsorata ka, asalinta tallar wata na'urar ƙirga taku ce a Japan a 1965. A Birtaniya an bi mutum sama da 78,000 kimanin shekara 7, aka ga masu taku wajen 3,800 a yini haɗarin ruɗewarsu ya gaza da kashi ɗaya cikin huɗu, masu wajen 9,800 kuma da rabi. Birkin da na ja ɗazu yana nan, amma fasalin ɗaya ne da na Jamus, tun daga ƙasa riba take farawa.

Na san yadda sallar kasuwa take, tabarma a ƙofar shago, taku biyar an isa sahu. Azahar da La'asar ka bar su yadda suke, ba zan tura ka cikin ranar Garwa ta Maris da Afrilu ba, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Asuba da Magariba da Isha su ne naka. Ka zaɓi masallacin da ke da nisan minti 7 ko 8 daga gida, zuwa da dawowa sau uku ya ba ka minti 45 ba tare da ka ware wa abin lokaci ba. Malamai sun fi ni sanin labarin Banu Salima, da suka so tasowa kusa da masallacin Madina aka ce su zauna inda suke, ana rubuta musu sawunsu. A shago kuma, "yaro, sauko da wancan turmi" ya ragu. Ka tashi ka sauko da shi da kanka, ka raka abokin ciniki bakin layi, bashin da ke cikin kasuwa ka taka ka karɓo maimakon ka buga waya. Duk rabin awa ka miƙe ko na minti 2 ne. Sau biyu a mako ka ba cinyoyi aiki: ka zauna kan kujera ka tashi ba dafawa sau 10, ka huta, ka sake.

Abin da ya fi kayar da mutanena ba gwiwa ba ne, bakin jama'a ne. Wani dattijo mai rufin asiri da na sa tafiya ya dawo bayan mako biyu yana dariya, ya ce tsakanin gidansa da masallaci sau huɗu aka tsaya masa da babur, "Alhaji lafiya? Hau in kai ka." Har surukinsa ya aiko a ji ko wani abu ya samu kasuwa. A wurinmu babban mutum a ƙasa alamar karayar arziki ce. Na ce masa ya ɗora mini laifin, duk wanda ya tsaya ya ce likita ne ya sa shi. Yanzu su uku suke fita bayan Asuba, kuma na fi son haka, don hirar ma aiki ce ga ƙwaƙwalwa, wanda ake jira a ƙofa kuma ba ya komawa barci.

Ka duba cikin gida ma. Iyayenmu mata sun yi daka da surfe da ɗebo ruwa da shara, ba su taɓa jin kalmar motsa jiki ba. Yau gidan da Allah ya buɗa wa, injin niƙa ya karɓi turmi, famfo ya karɓi rijiya, 'yan aiki sun karɓi tsintsiya, Hajiya tana zaune daga hantsi zuwa dare, ƙiba da suga da ciwon gwiwa suna taruwa. Ba ina cewa a mayar da ita bakin turmi ba. Zagayen tsakar gida minti 15 bayan abincin dare, zuwa Islamiyya da ƙafa, ziyarar 'yan uwa na unguwa ba tare da an kira kilando, wato babur ɗin haya, ba, duk suna shiga littafi ɗaya da naka. Ka sauƙaƙa mata fitar.

Sai mantuwarka. Makulli da sunan da ya maƙale a harshe ya dawo bayan an rabu, a shekara 56, yawanci hankali ne ya rabu goma: waya tana ƙara, ana taya kaya, kana tunanin kuɗin kwastan. Abin da ba a rubuta ba ai ba a nemansa a littafi. Wadda ke sa ni tashi tsaye daban take: maimaita tambaya ɗaya sau uku a zama guda, ɓata a hanyar da aka saba, rikicewar canji ga mutumin da ya shekara 30 yana ƙirga kuɗi, ko iyali su riga mutum lura. In akwai ɗaya daga cikin waɗannan, a zo asibiti, kuma a zo da wanda ake zaune tare. In babu, kada ka kashe kuɗinka a hoton IRM don ka ga girman ƙwaƙwalwarka, ba abin da zai canja. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 a 2024 waɗanda ke da hannu a kusan kashi 45 cikin 100 na ruɗewar tsufa, kuma ana iya taɓa su. Rashin motsi ɗaya ne kawai. Akwai hawan jini, suga, taba, ƙiba, raunin ji, raunin gani, kaɗaici, da buguwar kai. Wannan na ƙarshe ya shafi mai hawa babur kullum. Faɗuwa ɗaya ba hular kwano tana iya cinye abin da tafiyar shekara 20 ta tara.

Ka fara yadda mutanen gwajin nan suka fara, minti 10, ana ƙara 5 kowane mako. Ka sha ruwa kafin ka fita. Da azumi ka mayar da ita bayan tarawi, ranar da hazo ya yi kauri ka rufe hanci ko ka zagaya cikin gida, da dare kuma farar riga da tocila saboda 'yan kilando. In kana da suga, takalmi rufaffe, ka duba tafin ƙafarka kowane dare. In ka ji ƙirji ya ɗaure, ko numfashi ya yanke, ko jiri, ka tsaya, a ranar ka ga likita. Kafin duk wannan, cikin makon nan ka biya a auna maka tansiyo sau biyu a ranaku daban-daban, kana zaune ka huta minti 5, a kuma duba suga da safe kafin ka karya. In tansiyon ya kai 14/9 (140/90) ko ya wuce, tafiya kaɗai ba za ta riƙe shi ba, sai an haɗa da rage gishiri da dunƙulen miya da sugan shayi, wataƙila da magani. Ka ajiye takardar awon, ita likita zai fara tambaya. A gaida Hajiya, in ka je Pitoa kuma ka sa a auna yayan naka shi ma.